Fitsarin Inji

Ni ban taɓa wuce inda ruwa ke kai wa gwiwa ba.
Shekara ashirin da shida a Kayar,
rumfar kwano, durom biyu, sifana goma sha ɗaya,
tekun da na sani a kafaɗa ake kawo mini shi:
gishirin da ya daskare a maƙogwaron inji,
yashi a cikin giya,
zaren koma da ya naɗe farfela har ya ci roba.

Daga inji nake gane mutum.
Mai rowar baƙin mai, fistinsa ne ke tona shi.
Mai gaggawa, igiyar tayarwa ta sha ƙulli uku.
Na Ndiaga Samb kuwa, mai ƙarfin doki arba'in,
ya girmi ɗansa na fari,
fenti ya goge, suna ya ɓace,
amma ja ɗaya, ya yi gyaran murya, ya tashi.

Ran Talata na tsoma shi a durom.
Ban kalli hayaƙi ba, ban saurari ƙara ba,
ɗan siririn ruwan nan nake jira
da inji ke tsartuwa ta baya,
wanda yarana ke kira fitsari suna dariya.
Ya fito yana ɗiga kamar na tsoho.
Na ce, Ndiaga, robar famfo ta gaji.
Ta asali sefa dubu goma sha biyu.
Ya juya aljihu: kifi bai zo ba wata guda.
Na sa masa ta dubu uku.
Hannuna ya sa, bakina bai ce komai ba.

Laraba suka tura jirgi, su tara.

Alhamis Ngoné ta zo ta zauna kan matacciyar taya.
Ba ta tambaye ni ba. Da ma ta tambaya.
Ta yi ta kallon hannuna,
ni kuma na kwance kafireta ɗaya sau huɗu
ba abin da ke damunta.
Shayi ya huce. Aka kira magariba.
Duk jirgin da ya sako hanci kan yashi
sai na ƙirga kawuna daga nesa,
alhali na san launin ba nasu ba ne.

Dare biyu ina jin robar nan a kunnena,
fukafukanta shida suna karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Asubahin Juma'a, kafin hankaki su sauka,
wata ƙara ta taso daga yamma,
tana tari, tana tsayawa, tana sake kamawa.
Cikin injuna dubu zan fid da ita.

Ba roba ba ce.
Ruwa ne a cikin fetur, jarka biyu daga wani sabon mai saye da sayarwa.
Madické, ɗan shekara sha huɗu,
wanda nake kora daga rumfa don yawan tambaya,
shi ya tace man da rigarsa,
ya busa tiyo har leɓɓansa suka tsage,
ya share fulogi da bakin ƙugiya
jirgi na rawa, babu wata, babu tocila.

Mutane suka ce aikina ya yi kyau.
Na karɓi hannuwansu.

Da rana ta yi, na buɗe ƙasan injin ni kaɗai.
Fukafukai biyu sun riga sun tafi.
Na uku na rataye da ƙyar, kamar haƙorin yaro.

Na sa ta asali, na rubuta a littafin bashi,
sannan na tsaga shafin.
Na kira Madické, na miƙa masa igiya.
Ja ɗaya.
Muka tsaya mu biyu a bakin durom,
ruwa na tsartuwa, miƙaƙƙe, har kan takalmina,
ban matsa ba.